Ranar da Muka Jiƙa Katakon Alhaji

Yau in ka tsaya a bakin babban titin Potiskum da hantsi, ba za ka daɗe ba za ka ga keke napep ya wuce da faffaɗan katako ɗaure a bisansa, mai kaya yana zaune a baya ya riƙe bakin igiya. Wanda ya sayi katakon nan ya san irinsa, ya san kaurinsa, kuma kafin a ɗora masa sai da ya tambayi mai shago ko yana jure ruwa. A zamanin da zan ba da labarinsa ba haka abin yake ba. Amalanke ce ke kawo mana kaya daga tasha, kuma abin da muka sani mu kafintoci shi ne itace, maɗaci da farin katakon kudu. Itace ba ya ɓoye halinsa. Ka duba jijiyarsa, ka shinshina, ka ɗaga, ka san abin da ka saya. Da wannan ilimin muka tarbi wani abu da ba itace ba, shi ya sa ya yaudare mu.

Shekaru kaɗan ne bayan an yanke jihar Yobe daga Borno. Ma'aikata sun cika gari, kowane sabon ofis yana neman tebur da kabad, amare kuma sun daina son gadon ƙarfe. Itace ya yi wuyar samu. Sai ga katakon dusa ya shigo. Dusar katako ce da ɓarɓashinsa ake kwaɓawa da gam, a matse da ƙarfe mai zafi har su zama falle guda, sumul, ba gaɓa ba lanƙwasa. In ka lulluɓe shi da fomeka sai mai saye ya rantse daga Turai aka kawo kabad ɗin.

Ni kuwa daga Turan na dawo, ban fi shekara ba a gida. A unguwar Yerimaram aka haife ni, iyayena mutanen Borno ne, mahaifina kafinta. Na bar gari da ƙuruciya. Na yi aikin ƙofofi a Chadi, na yi a Khartoum, na yi shekaru a Jidda ina haɗa kantocin shaguna, daga can wani ɗan kwangila ya ja ni zuwa arewacin Italiya, inda na shekara bakwai a masana'antar da ake yin wannan katakon dusa. Na tafi da Barbarci da Hausa da Fillanci, na dawo da Larabci da Turanci da Italiyancin da zai ishe ni faɗa da direba. Da mahaifina ya rasu na dawo na zauna a rumfarsa ta layin kafintoci, a kan bencin aikin da ya haɗa da hannunsa tun ban iya tafiya ba. Wannan rumfar ita ce abin da ya bar mini, ita ce kuma na sa a bakin wuta.

A masana'antar Italiya aikina na ƙarshe shi ne ɗebo samfuri. In an fesa wa ɓarɓashi gam, kafin ya shiga matsi, sai in cika ɗan kofi in kai wani ɗaki mai sanyi. A ɗakin akwai wata dattijuwa gajera mai furfura, kowa yana ce mata Dakta, da wata na'ura da ba ta fi ƙaramin firji ba. Sai ta juye ɓarɓashin a mazubi mai gindin gilashi, ta rufe. Na'urar ta haska shi da wani haske da ido ba ya gani, wanda yake can gaba da jan launin bakan gizo. Dakta ta ce mini kowane abu yana da rabon hasken da yake haɗiyewa, itace da nasa, ruwa da nasa, gam da nasa. Abin da ya saura ya dawo shi na'urar ke aunawa, ta zana layi mai tudu da kwari. A wani wuri a layin akwai tudun da itace ba ya yi, sai gam. Tsawon tudun nan shi ne yawan gam ɗin. A da, in ji ta, sai an dafa samfuri a ruwan magani an yi rabin yini ana jira, kafin amsa ta fito an riga an matse katakon da zai cika mota. Yanzu kafin shayinta ya huce ta sani.

Abu ɗaya ta nanata mini har ya zauna. Gam shi ne mafi tsada a cikin katakon nan, don haka mai son ha'inci a nan yake ragewa. Ya rage gam, ya ƙara dusa mai laushi da ɓawo da sharar ƙasa har da yashinta, ya matse da ƙarfi. Katako ya fito da nauyi da sheƙi, cikinsa kuwa ba abin da ya riƙe shi.

Wanda ke kawo mana katakon dusa a Potiskum wani Alhaji ne, Bafulatani, tsohon falken shanu da ya zauna a gari. Motocinsa suna kai shanu kudu, da can su dawo wayam, sai ya ga gara su dawo da katako. Abokin wasana ne ta ƙabila, kuma tare muka yi ƙuruciya, don haka ba na shiga shagonsa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Mutum ne mai amana, ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Laifinsa ɗaya, da idon kara, kasuwar shanu, yake sayen katako. In ya je kudu sai ya kama kusurwar falle ya ɗaga, ya mare shi da tafin hannu kamar yana marin cinyar bijimin sa, ya shafa ya ji santsi. Wanda ya fi nauyi shi yake zaɓa. Masu sayarwa a can suka gane shi, suka riƙa ajiye masa mai nauyin. Su ma kafintocinmu suka bi shi. Katakon yana cinye haƙoran zarto cikin kwana biyu, wani lokaci har ka ga tartsatsi, su kuwa sai su ce, “Ka ji ƙarfi! Har zarto yake ci.” Yashi ne yake cin zarton.

Ranar da na fara gaya masa, a shagonsa ne, na murza gefen falle da babban yatsa, gari ya zubo.

“Fulata,” na ce, “wannan san naka kumburi ne da shi, ba ƙiba ba.”

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. “Kai Babarbare, bawana, ka je Turai ka wanke wa Nasara kwano ka dawo za ka koya mini ciniki? Ɗaga ka ji. In ka iya ɗagawa.”

“Kai da aka haifa a bukkar kara, yaushe ka fara ganin kabad?”

“Ku kuma in ban da tsage a fuska da girman kai me kuka gada? Ɗauki biyu ka gwada, in ka ji daɗi ka zo ka durƙusa ka gode wa ubangidanka.”

Ban ɗauka ba. Na dai roƙi ɗan guntu ya ba ni. Na samo wani guntun daga wani katakon dusa mara nauyi, fari-fari, wanda wani ɗan kasuwa ya kawo kowa ya raina shi ya rasa mai saye. Na uku kuma na yanko daga wani ɗan falle da na taho da shi daga Italiya a ƙasan akwatina. Kowanne bai fi kwalin ashana ba. Na ɗiga wa na Alhaji ɗigo ɗaya da biro, mara nauyin ɗigo biyu, na Italiya ɗigo uku, ban rubuta wane ne wane ba. Na kai gidan waya na aika wa Dakta da 'yar wasiƙa. Damina ta shiga ta fita kafin amsa ta zo, ambulan ɗin ya sha hannu har ya yi laushi. A ciki takarda uku, kowace da layinta. Ta niƙa guntayen ta haska su. A takarda mai ɗigo uku tudun gam ya miƙe sosai, a mai ɗigo biyu ya ɗan gaza shi kaɗan, a mai ɗigo ɗaya kuwa da ƙyar ya ɗaga kai. A ƙasa ta rubuta da hannunta cewa wanda yake da mai ɗigo ɗayan nan kada ya kusance shi da ruwa.

To, a Potiskum ina ne ba a kusantar ruwa? A Jidda na ga kabad yana zaune a kan darduma shekara goma bai ga ɗigo ba. A nan kuwa in bazara ta yi zafi mace tana yayyafa wa simintin ɗakinta ruwa safe da rana don ya yi sanyi. In za ta wanke ɗaki bokiti take kwarawa ta bi da tsintsiya. Randa tana kusurwa tana tsatsa. Ƙafar gado da gindin kabad a cikin wannan danshin suke rayuwa. Katakon Alhaji kuwa sabo ne a gari, bai kai ga cika shekara a ɗakunan mutane ba, shi ya sa asirinsa bai tonu ba tukuna.

Na nuna wa Alhaji takardun, ya juya su sama da ƙasa ya ce wannan ai sawun tsutsa ne a rairayi. Na nuna wa biyu uku a layi, suka ce Allah ya kyauta. Na mayar da su aljihu, na ci gaba da aikina da itace da mara nauyin nan.

A layinmu akwai al'ada tun ta iyayenmu. Maƙwabci ba ya sa baki a cinikin maƙwabci. In mai saye ya juyo ya tambaye ka game da kayan wani, amsa ɗaya ce, “Allah ya sa albarka.” Ba ka yabo, ba ka kushe. Ba al'adar banza ba ce. A layin nan akwai Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Barebari da Hausawa, rumfa tana jingine da rumfa, kuma wannan shirun ne ya hana mu cin naman juna shekara da shekaru. Na san ta sarai, ba mantuwa na yi ba.

Wata Alhamis wata malamar firamare daga unguwar Yindiski ta zo rumfar maƙwabcina duba kayan ɗakin 'yarta da za a aurar, gado da kabad da madubi, an lulluɓe su da fomeka ruwan madara, sun yi kyau ƙwarai. Ta zagaya su, ta buɗe ƙofar kabad ta rufe. Maƙwabcina ya ce ta gwada ɗagawa ta ji nauyi. Sai ta juyo wajena, ina zaune ina fiƙe zarto.

“Baba, ku ne manya. Don Allah wannan zai yi ƙarko? 'Yar tawa ɗaya ce, shekara uku ina tanadin ɗakin nan.”

Maƙwabcina ya kalle ni yana murmushi, yana jiran albarkar da aka saba. Na ajiye zarton.

“Malama, aikin hannunsa ba shi da aibu, gwani ne. Amma katakon ba shi da gam. In 'yarki tana yayyafa ruwa a ɗaki, gindin kabad ɗin nan ba zai ga bazara biyu ba.”

Ta yi godiya ta tafi ba ta ɗauka ba. Ban ce ta zo wurina ba, ba ta kuma zo ba. Kafin la'asar magana ta gama layi, an kai ƙarata wurin shugaban ƙungiyar kafintoci.

Shugaban dattijo ne, mutumin Ngizim, a hannun mahaifina ya koyi aiki, a wannan rumfar tawa. Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan maigida. Washegari Juma'a bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin layi. An kira Alhaji tunda kayansa aka taɓa, ya zo da babbar riga ya zauna a benci yana kaɗa ƙafa.

Shugaba ya ce, “Ɗan maigida, ka san dokar layin nan tun kana wasa da dusa a ƙasan bencin babanka. Abu biyu ne. Ko ka tashi gaban jama'a ka janye maganarka, ko ka bar mana rumfa.”

Na fito da takarduna uku na shimfiɗa a kan benci, na danne da ƙusoshi don iska. Na yi bayanin haske da tudu da kwari da Hausa, na maimaita wa wasu tsofaffi da Barbarci. Suka leƙa. Wani ya ce wannan kamar takardar da ake ba mai ciwon zuciya a asibiti. Wani ya ce ashe katako ma ana yi masa duba. Maƙwabcina ya ce, “Hasken da ido ba ya gani! To wa ya gan shi ya ba ka labari?” Aka kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba. Ni ma ranar farko da Dakta ta faɗa mini, a raina cewa na yi tsohuwar nan ta sha wani abu.

Na bari dariya ta lafa, na ce, “To ku bar takarda. A kawo daro da ruwa. A yanko guntu daga katakon Alhaji, a yanko daga mara nauyin nan da kuka raina, ga kuma nawa na Italiya. A jiƙa su zuwa gobe da hantsi. Ni ban taɓa jiƙa su ba, amma takardar nan ta riga ta faɗa mini abin da za ku gani. Na Alhaji zai tashi ya watse. Mara nauyin zai ɗan kumbura ya tsaya. Nawa zai fito yadda ya shiga, sai dai ɗan kauri. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.”

Alhaji ya miƙe. “Na yarda! In katakona ya watse, ni da kaina zan ɗauki akwatin kayan aikin bawan nan a ka, in kai masa har ƙofar gidansa a Yerimaram, rana tsaka.”

“In bai watse ba,” na ce, “ranar Laraba ni zan kora maka shanu zuwa kara, ba takalmi.”

“Shanuna ba sa bin Babarbare. Amma zo, ko don mutane su yi kallo.”

Shugaba da kansa ya yanka guntayen, ya sa a daro, ya ɗora wa kowanne dutse don kada ya taso, ya kulle daron a ɗakin ajiyarsa ya sa makulli a aljihu.

Da hantsin Asabar mutanen da suka taru sun fi na jiya, har masu amalanke da masu shayi. Aka fito da daro aka ajiye a tsakiya. Tun kafin a taɓa komai ruwan ya nuna, gefe ɗaya ya yi kauri kamar an dama kunu. Shugaba ya naɗe hannun riga ya ciro nawa, ya ƙwanƙwasa shi a benci, ya yi ƙara. Ya ciro mara nauyin, gefensa ya ɗan tashi, ya matsa da yatsa bai shiga ba. Ya mayar da hannu zai ciro na Alhaji, sai ya ɗago da dusa cike da tafinsa, tana zuba ta tsakanin yatsu. Ya sake lalubawa, ba abin da ya rage sai dutsen. Da aka tsiyaye ruwan, ga yashi kwance a gindin daro.

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya tsuguna da babbar rigarsa, ya dangwali yashin ya murza, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce da Fillanci, a hankali, shekara talatin yana ciniki ba a taɓa sayar masa da sa mai ciwo ba, sai ga shi ya sayi ƙasa da hannunsa yana godiya.

Na ɗauka magana ta ƙare. Shugaba ya goge hannunsa, ya zauna, ya ce, “Ɗan maigida, a kan katako kai ke da gaskiya, kowa ya gani. Amma ba don katako muka zauna ba. Ka sa baki a cinikin maƙwabcinka gaban mai saye. In na bar wannan ta wuce, gobe kowa zai kushe kayan ɗan'uwansa ya ce shi ma yana da takarda. Ba na son rumfar maigidana ta fita daga hannun jininsa. Abu kaɗan nake nema. Ka ce ka yi kuskure, ba za ka sake ba. Shi ke nan, kowa ya koma aikinsa.”

Na ga yadda yake kallona, roƙona yake yi. Wasu a bayana suna cewa, “Faɗi mana, Malam, kalma biyu ce.”

Na juya wajen maƙwabcina na ce, “Aikin da ka rasa ta dalilina, ka yi haƙuri. Zan taya ka sake kayan nan da katako mai kyau, da hannuna, ba na son komai.” Ya kawar da kai. Na koma ga shugaba. “Amma Yaya, kuskure ban yi ba. Dokar nan iyayenmu sun yi ta ne lokacin da mai saye yake ganin itace da idonsa. In ya sayi ruɓaɓɓe, shi ya ƙi dubawa. Wannan kuwa an rufe cikinsa da fomeka, mu kanmu da muke yanka shi kullum bai nuna mana ba, balle malamar makaranta. Ta ce mini Baba, ta tambaye ni don Allah. In ta dawo gobe ta sake tambaya, abin da na faɗa mata shi zan sake faɗa.”

“Ko a kara,” Alhaji ya sa baki daga inda yake tsugune, “in aka tambayi dillali aibun saniya ya ɓoye, ciniki ya warware.”

“Nan ba kara ba ce, Alhaji,” in ji shugaba. Ya sake dubana. “Ka yi mini alkawarin shiru kawai. Ko ba ka ce kuskure ba.”

“Ba zan yi alkawarin da na san zan karya ba, Yaya.”

Shugaba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “To ka kwashe kayanka.”

Ban yi gardama ba, ban kai ƙara ko'ina ba, ko da yake an ba ni shawarar haka. Na shiga rumfa na tattara zartuna da guduma da kurfi da sauran ƙarafa na zuba a akwatin katakon da mahaifina ya bari. Bencin aiki na kira mai amalanke ya ɗora. Inda ƙafafunsa suka zauna shekara da shekaru sun bar rami huɗu a ƙasa. Na tsaya ina kallonsu, sai na ji ana taɓa kafaɗata.

Alhaji ne, ya cire hula ya cusa a aljihu, ya naɗe rawanin wani ya yi gammo.

“Ɗora mini, bawana.”

“Bar shi, Fulata, wasa ne.”

“Ni ban yi wasa ba. Ɗora, kafin in tuna ni ne ubangidanka.”

Na ɗora masa. Akwatin nan yana da nauyi, na ga wuyansa ya nutse. Haka muka bi titi rana tsaka, amalanke a gaba da benci, Alhaji mai motocin shanu a tsakiya da akwati a ka, gumi yana jiƙa babbar riga, ni a baya da takarduna uku a aljihu. Masu shaguna suna fitowa kallo, direbobin manyan motoci suna danna masa oda. Wani ya ce, “Alhaji, lafiya?” Ya ce, “Sadaka nake yi wa Barebari.” Da muka isa Yerimaram ya sauke a zaurena, ya zauna a ƙasa yana haki.

Na ce, “Yaya ka ji nauyin? Mai kyau ne ko?”

Ya ce in kawo masa ruwa in daina surutu.

A zauren nan na ci gaba da aiki. Shekarar farko ta yi mini wuya, don mai neman kafinta layi yake zuwa, ba lungu ba. Alhaji kuwa ya bi dokar kara. Ya aika a gaya wa duk kafintan da ke da fallensa da bai yanka ba ya dawo da shi, ya loda su a motar shanu ya mayar kudu, ya je da kansa, da daro a gaban mota. Da ya dawo ya ajiye daron a ƙofar shagonsa cike da ruwa, kowane sabon kaya ya iso sai an yanki guntu an jefa. Ya roƙe ni takarda mai ɗigo ɗaya, wadda ya kira sawun tsutsa, ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a bango. In baƙo ya tambaya sai ya ce hoton san da aka cuce shi da shi ne.

Kayan da aka riga aka kai ɗakunan mutane kuwa, bazara ta biyu ta yi musu abin da takarda ta faɗa. Na ga kabad da yawa an fito da su tsakar gida, gindinsu ya buɗe kamar burodin da ya sha shayi. Wasu a zaurena aka kawo su gyara. Maƙwabcina ya yi shekaru ba ya amsa sallamata. Shugaba kuwa yakan biyo ta ƙofata in ya taso daga aiki, mu gaisa, ya shafa bencin maigidansa, ya wuce. Sau biyu yana cewa in na shirya faɗin kalmar nan rumfa tana nan. Sau biyu ina ce masa na gode, Yaya. Har ya rasu bai janye hukuncinsa ba, ni ma ban janye maganata ba, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ban sake zama a layin kafintoci ba, rumfar mahaifina ta koma hannun wasu har yau. Amma tun daga Asabar ɗin nan ba a ƙara sayen katakon dusa da nauyi a Potiskum ba.